Kwanon da aka sayo don albasa

Damina uku muka yi a wancan ɗakin haya na Aliero muna tarar ruwa da robobi. Kwanon rufin ya yi tsatsa har ana hango sama ta cikinsa, bangon gabas kuma ya tsage, hannuna na shiga. Autata ta kamu da tari saboda danshi. Duk lokacin da na kai kuka wurin Alhaji mai gidan, amsa ɗaya ce: a yi haƙuri sai an sayar da albasa.

Wata safiya bayan an gama cirar albasa, sai ga amalanke da sabon kwano yana ƙyalli a ƙofar gida. Wallahi har guɗa na yi. Ashe ban san dawan garin ba. Da la'asar Alhaji ya zo ya tsaya a zaure.

"Ku nemi wuri kahin Jumma'a," in ji shi. "Ɗakin ga ba shi zaunuwa, ina tsoron shi hwaɗa muku."

"To kwanon ga hwa, Alhaji?"

"Albasa za ni zubawa ciki. Kin san ba ta son ruwa."

Mijina direban babbar mota ne, ya yi lodi a Jega ya nufi kudu, ba ranar dawowa. Hadari ya fara haɗuwa, ga yara uku, kuma shekarar hayarmu sai bayan kaka za ta cika. Maƙwabta suka ce in kwashe kayana tun da mutuncina, mai gida mai gida ne. Ni dai ina da taurin kai tun ina yarinya, kuma ban ga ranar da ya yi min amfani kamar wannan karon ba.

Washegari na goya autar, na ɗauki babbar robar da muke tarar ruwa, na tafi ƙofar mai unguwa. Aka aika aka kira Alhaji.

"Ranka shi daɗe," na ce, na ajiye robar a gabansa, "damina ukku wagga roba ita ar ruhin ɗakinmu. Da mutane ad ciki, ba a gyara ba. Yanzu albasa za ta shiga, an sawo kwano. Ni ba ni hita sai wa'adina ya cika. In kora ta, a kai ni gaban alƙali shi hwaɗi da bakinai."

Ban janye ko kalma ɗaya ba. Alhaji ya fara bayanin yadda albasa ke ruɓewa in ta jiƙe, sai autar ta sarƙe da tari a bayana.

Mai unguwa ya ce ba a fitar da ɗan haya a kwana biyar, ba a kuma watsa masa kaya waje sai da hukuncin kotu. Tunda Alhaji da kansa ya shaida ɗakin na da haɗari, gyara ya hau kansa. Albasa ta shiga ɗakin da ke kusa, wanda ba kowa.

Haka aka yi. Aka rufa kwano, aka ɗaure bango da siminti. Warin albasa ya bi mu har cikin tufafi, Alhaji kuma ya daina amsa gaisuwata. Ban damu ba.

Ranar ruwan farko, da rana tsaka, yara suka ruga suka jera robobi kamar yadda suka saba. Autar ta tsuguna gaban babbar tana jira. Da ta gaji ta ɗago ta dube ni.

"Inna, yau ruwan bai san hanya ba?"