Yadda Na Koyi Daka a Ajekoriya

Na dawo Dakwaro daga yaƙin Nasara da takalma sau-ciki, da bargo, da medaye guda, lambar yabo, a ƙirji. Shekara huɗu ba na gida. Da na sauka daga kamyo, wato babbar mota, mutane suka yi ta tattaɓa ni suna hamdala, ga hannuwa biyu, ga ƙafafu biyu, ba abin da ya ɓace. Ni ma haka na ɗauka.

Matata ce ta fara gane akwai saura. Damina ɗaya muka yi da aure aka ɗebe mu soja, ta zauna gidan iyayena tana jira. Mutumin da ta jira mai surutu ne, mai son dariya. Wanda aka dawo mata da shi kuwa sai ya tashi da safe ya jera tukwanenta daga babba zuwa ƙarama, ya leƙa gindinsu, ya ce ba su wanku ba. Ina yi mata tsawa da Faransancin bariki, wanda rabin abin da na sani a cikinsa zagi ne. In ta tambaye ni yadda ƙasar Nasara take, sai in ce akwai sanyi, in tashi in fita.

Babbar damuwata daka ce. In mata suka sa taɓarya a turmi da hantsi, gida uku ko huɗu lokaci guda, ƙasa takan ɗauki wani dum-dum da ke shiga mutum ta tafin ƙafa. Haka igwa take in tana nesa tana matsowa. Kaina ya san hatsi ne, jikina ya ƙi yarda. Wata rana ina zaune tsakar gida maƙwabta suka fara lugude, ban san sa'ad da na shige ƙarƙashin rumbu ba. Ashe akwai kaza tana kwanci a wurin. Ta ba ni abin da Jamus ba su ba ni ba, wato rauni a goshi. Shiga ta yi sauƙi, fita ta gagara, sai da matata ta jawo ni ta ƙafa. Ta yi dariya har da hawaye. Ni kuwa na karkaɗe rigata na kafa doka: ba a ƙara daka a gidana.

Ta koma kai hatsinta can ƙarshen unguwa. Ran nan fura ta makara, na ɗaga murya, na harba ƙwarya da ƙafa. Ban taɓa ta ba, amma ta ga hannuna ya tashi sama. Washegari ta ɗaure kayanta ta tafi gidansu a Ajekoriya.

Magani kam na nema. Malamin unguwarmu ya yi mini rubutu na sha har harshena ya yi baƙi, kuma Allah ya saka masa, raina yakan kwanta na yini guda. Anfirme, malamin asibitin bariki, ya saurari ƙirjina, ya ce lafiyata lau, ya ba ni kinin. Wata mai bori ta ce iskan Nasara ne ya biyo ni ta teku, kaftin ne ma, sai an yanka masa jan zakara. Na ce shekara huɗu ina sara wa kaftin, ba zan dawo gida in ciyar da wani ba.

Bayan wata biyu na tafi biko, na goge medayen na maƙala. Surukina bai tsaya doguwar magana ba, ya ce in je wurin uwarsa, kakar matata, abin da ta yanke shi ke nan. Tsohuwar ungozoma ce, rabin garin ita ta yanke musu cibi. Tsakanina da ita akwai wasa irin na kaka da mijin jika.

"Angona," in ji ta, "an ce kaza ta ci ka da yaƙi."

"Kaka, biko na zo."

"Na sani. Cire murfin gwangwanin nan ka zauna. Cire takalman ma."

Ba ta ba ni ko saiwa ɗaya ba. Ta ce in kwana bakwai ina yi mata tufkar igiya da kaba. Ranar farko ta shimfiɗa mini tabarma can ƙarƙashin aduwa, nesa da turame, ta zauna kusa da ni tana kaɗi. Mata suka fara daka.

"Me kake ji?"

"Ba komai."

"Igiyar hannunka tana rawa. Taka ƙasa da kyau. Ƙasar ina ce wannan?"

"Ta Ajekoriya."

"Akuyar can wace iri ce?"

"Ja ce, mai farin kunne."

Haka ta yi ta tambayata shirme, ni tsohon soja ina lissafa mata awaki, har aka gama dakan ban gudu ba. Kullum da safe sai ta ja tabarmar gaba kaɗan. Ba ta taɓa tambayata yaƙi ba. Abinci take tambaya, da jirgin ruwa, da ko gaskiya ne Nasara suna cin kwaɗo. Ina ba ta amsa, tun da gajeru har na fara zuba.

Rana ta biyar ta miƙo mini taɓarya.

"Kaka, ni namiji ne."

"Kazar ma ta sani. Daka."

Na daka. Matan gidan suka kwanta da dariya, hatsi yana tsalle waje, tsaki sai na kaji. Amma wani abu ya faru da ban zata ba. Ƙarar daga hannuna take fitowa. Na san lokacin da za ta zo, in na so in tsayar da ita. Na yi ta yi har gumi ya jiƙa ni, matan suka gaji da kallo suka watse. A nan, taɓarya a hannu, ba tare da an tambaye ni ba, na fara ba ta labarin abokina ɗan garin Rumbu. Rami ɗaya muke ciki ranar da igwa ta matso. Na ce masa mu sake wuri, na ruga, ina tsammanin yana bayana. Ba ya baya. Ina jin yana kirana, ban koma ba. Kwana kaɗan bayan haka aka jera mu aka maƙala mini medaye.

Na jira ta ce ba laifina ba ne, kamar yadda na san kowa zai ce. Ba ta ce ba. Ta ajiye mazarinta ta tambaye ni, "Uwa tai ta san yadda ya ƙare?"

"Takarda kawai aka aika."

"Takarda ba ta san shi ba. Kai ka san shi. Sai ka tahi." Sannan ta juya wajen zana ta ɗaga murya. "Ke, fito, na ga ƙafarki tun ɗazu."

Ashe matata tana bayan zanar kullum. Ta fito idanunta jajur, ta zauna gefen tabarma.

"Yanzu kai ka yi shiru," in ji tsohuwar. "Ita ma ta yi nata yaƙin."

Matata ta yi magana tana kallon ƙasa. A shekara ta uku wani ya kawo labarin na mutu, har ta fara takaba, ta yi kwana tara kafin a ce ba ni ba ne. Ban taɓa sani ba, don ban taɓa tambaya ba. Ta ce, "Malam, ba tsawarka ta kore ni ba. In na kawo maka ruwa sai ka dube ni kamar ba ka san ni ba." Na buɗe baki zan kare kaina, tsohuwar ta ƙwala mini mazari a gwiwa. Sau uku na sha mazarin kafin ta gama. Abin da aka bar ni in faɗa shi ne in maimaita abin da na ji ta ce, kuma ko wannan sai da aka gyara mini.

Matata ta biyo ni gida. Ban warke tas ba. Har yau in aka yi tsawa da damina nakan nemi bango in jingina, ita kuma ta zo ta zauna kusa da ni.

Bayan girbi muka tafi Rumbu tare, tana kan jaki ina ja. Uwar abokina ƙaramar tsohuwa ce, idanunta sun fara hakiya. Na durƙusa na faɗa mata komai, har gudun da na yi. Da na gama ta ce, "Ɗana, ran nan ya ci abinci?"

Na ce ya ci, har ya cinye rabin nawa, kuma gaskiya na faɗa.

Ta yi dariya tana share ido da bakin zane. "Shi ne," in ji ta. "Shi ne kam." Ta sa aka dama mana fura da nono mai yawa, ta ƙi barinmu mu tashi sai da muka shanye.