Dutsen da na yi wa Mushe alkawari

Bakina ne ya jawo. Na ce wa Mushe akwai dutse a garinmu, alhali kowa ya san ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai. In ka hau kan turmi a Gazawa, inda makarantarmu take, sai ka hango baƙon da zai ci tuwonka gobe.

Bara ne, lokacin ɗan hutun bazara. Yaran lakol, wato makarantar boko, duk an zo an kwashe su, wasu a jaki, wasu a keke. Ni kaɗai aka bari, don garinmu yana can arewa da Agye, kuma ba wanda ya zo. Ina zaune a gidan wani mai gyaran keke da aka damƙa ni hannunsa, mutumin kirki, amma maganarsa ta wuni ba ta wuce "tashi" da "kwanta". Kullum da la'asar sai in fita bakin hanya in zuba ido. Duk jakin da ya ɓullo daga arewa sai in ga kamar na babanmu ne, har jakunan suka gane ni, suka riƙa wucewa kai a sunkuye don kunya. Ni dai Inna nake son gani.

Mushe shi ne daraktan lakol ɗinmu, Bature dogo kamar giginya. Shi ma ba shi da kowa. Ana ta zancen ƴancin kai, ƴan'uwansa suna ɗaure kaya, shi kuwa yana zaune a buro, wato ofishinsa, yana kallon bango. Ran nan ya kira ni in yi shara, na ga abin da yake kallo: hotunan wasu duwatsu masu tsini, kawunansu fari fat da ƙanƙara. Ya ce garinsu ke nan. Kafin ya zama malami, aikinsa ja-gaba ne. Mutanen birni su zo hutu, ya ɗaure su da igiya ɗaya kamar ayarin raƙuma, ya hau da su a ƙafa har ƙoli.

Na ce, "Mushe, me ake ɗebowa a can sama?"

Ya ce, "Ba komai."

"To me suke yi in sun kai?"

"Su duba, su sauko."

Na ce a raina, ashe a ƙasarsu hauka a jere ake yin ta. Sai ya yi ajiyar zuciya, ya ce tun da ya zo nan bai ga abin da ya fi rumbu tsawo ba. Nan fa shaiɗan ya hau harshena. Na ce ai namu dutsen, ungulu ma sai ta yada zango a tsakiya kafin ta ƙarasa. Ya miƙe tsaye, ya ce ni ne ja-gaba.

Muka kama hanya da sassafe, shi da takalmi mai ƙusoshi da sanda da jaka a baya, ni da ƙafar da Allah ya ba ni. Ya koya mini aikin: ja-gaba ba ya gudu, yana waiwaye, kuma ba ya barin kowa a baya.

Rikici ya fara a ƙauyen farko. Maigari ya fito yana gyara rawani, ya dube mu, ya dubi hanya.

"Kai yaro, ina motar ta mutu?"

"Ba mota, Baba. Yawo yake."

"Yawo? Cikin wannan rana? Faɗi gaskiya, kwamanda ne ya ƙwace masa doki?"

"Wallahi shi ya so."

"To ba a garina ba. Baƙo ya fita nan a ƙasa, ran kasuwa a ce ba ni da ko jaki? Ku jawo mini dokin nan!"

Mushe ya ƙi hawa, maigari ya ƙi doki ya koma turke. Suka yi ta jan girma, ni a tsakiya ina tafinta har miyau ya ƙafe. Ƙarshe na sadaukar da kaina, na ɗare. Haka muka ratsa ƙauyuka, kowane maigari yana miƙa mu ga na gaba da tasa dabbar, ni a sama ina kaɗa ƙafa, Bature a baya yana zufa. Wata tsohuwa a bakin rijiya ta saki guga ta kama haɓa, ta ce, "Lallai ƴancin ya iso!"

Da rana ta take muka fake a gindin gawo. Mushe ya cire takalmi. Ba abin da ake ji sai kukan kurciya. Can ya ce, "Innarka tana jiranka?" Na ce kuka take har rijiyar garinmu ta cika ta batse. Ya yi dariya. Ni ban yi ba, don tun a Gazawa nake tambayar kaina abin da ya hana a zo.

Muna matsowa, dutsen yana raguwa a bakina. Na ce iska na cin shi. Na ce awaki sun tattake kansa. Da muka iso ban ko dubi wajen ba, na diro na ruga gidanmu, na manta da dokar ja-gaba.

Na tarar an jibge ƙaya a bakin ƙofa. Na leƙa ta danga: murhu ba toka, turmi a kife. Tsohuwar maƙwabciyarmu ta fito.

"Wa nake gani, ɗan lakol? Ai sun tafi cin rani Katsina tun bayan girbi. Ba a aiko maka ba?"

"A'a, Iya."

"Ayya. Cewa suka yi kana hannun gwamnati, ba ka rasa tuwo."

Na zauna a ƙasa. Ina nan sai ga inuwar Mushe ta rufe ni. Ya ga ƙayar, bai tambaya ba. Ya ce, "Ja-gaba, ina dutsen?"

Na nuna masa jigawar bayan gari, tudun rairayi, da akuya guda a kai tana tuƙa. Ya daɗe yana kallo. Na shirya wa mari. Sai ya buɗe jaka ya zaro igiya, ya ɗaura a ƙuguna, ya ɗaura a nasa, ya ce ba a hawa dutse ba igiya. Muka hau a hankali, rairayi na cin ƙafa, yaran gari na biye suna ihu. Akuyar ta matsa mana. Daga sama ba abin gani sai gonaki tsirara, da rumbuna, da hanyar da ta yi kudu. Na bi ta da ido har inda ta ɓace. Mushe kuwa arewa yake kallo. Muka duba, muka sauko.

A zauren maigari muka kwana, washegari muka juyo, wannan karon duk a ƙasa. Inna ban gan ta ba sai da ruwa ya sauka suka dawo shuka. Mushe ya tafi ƙasarsu kafin a sauya tuta. Ya bar mini sandar, mai gyaran keke yana tokare ƙofa da ita.