Shekarar da Sabara Ta Shiga Kwalba

Tun da na fara aikin jinya har yau da na kusa ajiye shi, sau ɗaya aka taɓa tafa mini a bainar jama'a, kuma ranar ba ta taɓa fita raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan gara ku ji yadda aka yi, domin wata rana ku ma za a tafa muku.

A lokacin ni ne majo a wata ƙaramar likita ta ƙauye, wato ɗan asibiti, cikin ƙasar Bouza, can gaba da Tama. Ga wanda bai san tsarinmu ba, majo shi ne ma'aikacin jinyar da aka damƙa wa gidan likita gaba ɗaya. Babu dokta a wurin. Shi ke duba marasa lafiya, shi ke rubuta magani, shi ke tura wanda ciwonsa ya yi tsanani zuwa babbar likita, kuma ƙarshen wata shi ke rubuta rahoton cututtukan da aka kawo masa. Ban da ƙauyen, akwai tungaye da yawa a ƙarƙashina. Wasu sai an gangaro dutse an ratsa fadama kafin a iso wurina, da goyo a baya.

Shekaruna na farko a can na ƙare su wajen yaƙi da jiƙe-jiƙe. Ba raini ba ne. Na ga jariran da aka ɗura wa dauri har cikinsu ya ɓaci, na ga gyambon da aka shafe da garin saiwa har ya ruɓe. Duk ranar awon yara sai na tsaya gaban mata na yi musu wa'azi: kada a ba yaro ganye, kada a ba shi ɓawo, a kawo shi likita. Wadda ta fi ba ni wuya ita ce Inna Habsu, wata tsohuwa daga tungar da ke bayan dutse. Ɗanta yana cin rani a Abijan, matarsa tana wuni a garkar albasa, don haka jikokin a hannunta suke. Ba boka ba ce, ba ta sayar da komai. Tukunyarta ce dai ba ta rabuwa da ganyen sabara da zarar sanyi ya shigo. Amma sannu a hankali har ita na shawo kanta. Tana dafawar a ɓoye, na sani, sai dai in yaro ya yi tari tana ɗauko shi ta kawo.

Ana nan sai wani furoje ya zo, wato shiri na masu ba da tallafi. Aka kira mu majo-majo na Bouza da Keita da Madaoua zuwa taron horo a Madaoua, a wani zaure mai fanka. Shugaban furojen, wanda kowa ke kira Kordinata, mutum ne mai son manyan kalmomi, ya yi jawabi a kan arzikin da Allah ya shimfiɗa mana a daji muna takawa. Bayansa wata mai ilimin haɗa magunguna, Madam Rakiya, ta ajiye ƙaramar kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa a kan tebur. Siro ne, maganin tari na ruwa, na yara. Ta ce daga ganyen sabara aka yi shi.

Na ɗauka ban ji daidai ba, har na tambayi na kusa da ni.

Madam Rakiya ta yi bayani dalla-dalla, kuma gaskiya aikinta ba na wasa ba ne. Ana tsinko ganyen nesa da hanyar mota da gonakin da aka yi wa feshi. A shanya shi a inuwa, a niƙa, a tatso ruwansa, a tace. Sannan a auna ƙarfinsa yadda cokalin wannan kwalba zai zama daidai da cokalin waccan, a duba ko ƙwayoyin cuta sun shiga, kafin a haɗa da sukari a rufe. Ta nanata cewa na tarin mura ne kawai. Yaron da ke da zazzaɓi, numfashinsa na sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, wannan ciwon huhu ne, maganinsa daban, siro ba ya taɓa shi.

Da aka zo tambayoyi na ɗaga hannu. Na ce ni shekara da shekaru ina hana mutane sabara, ko zai yiwu in ba su siron kawai ba tare da na faɗi abin da ke ciki ba? Kordinata ya yi murmushi irin na malamin da ya kama ɗan lakkwal da kuskure. Ya ce ai ruhin furojen ke nan, mutane su san darajar abin da ke ƙasarsu. Kowane majo zai tara jama'a, ya riƙe kwalba a hannun dama, reshen sabara a hannun hagu, kuma a ɗauki hoto.

Haka na yi. Maigari ya sa aka yi shela, aka taru ƙofar gidansa bayan azahar. Na ɗaga kwalba, na ɗaga reshe. Sai Inna Habsu ta gyara zama ta ce:

"Majo, sabarar ga da kaka riƙe, ita ce dai wadda awaki ka ci?"

Na ce ita ce, Inna.

"Wadda kac ce in zubar?"

Na ce ita ce, amma akwai bambanci. Na shiga bayanin bambancin, awo da tacewa da tsabta, da alamun da in an gani dole a garzayo likita. Duk na faɗa, ban rage kome ba. Sai dai tun daga "ita ce" ta biyu mata suka fashe da dariya suna tafa hannun juna, tsofaffi maza suna gyaɗa kai suna cewa dama sun sani. Ina tsakiyar maganar haƙarƙari aka kira la'asar, jama'a suka fara watsewa. Hoton kuwa ya yi kyau ƙwarai.

Sanyi ya shigo. A ka'ida lokacin ne bencin ƙofar likita ke cika da mata da yara masu tari tun da safe. A wannan shekarar sai bencin ya yi sauƙi. Masu ciki suna zuwa awo, masu rauni suna zuwa ɗauri, amma masu tari ɗaiɗai. Kwalaben siro suna jere a kanta suna kallona. Na rubuta abin da na gani a rahoto, wata bayan wata, don rahoto abin da ya shigo ƙofa yake tambaya, ba abin da ya tsaya a gida ba.

Da aka sake tara mu a Madaoua don duba tafiyar aiki, Kordinata ya haska wani zane a bango, mai nuna yawan yara masu tari da aka kawo kowace likita. Layin kowace likita yana tafiya yadda ya saba, nawa kuwa ya gangara kamar hanyar fadama. Ya ce ga shaida, a inda majo ya rungumi furoje da zuciya ɗaya cututtukan numfashi na yara sun faɗi warwas. Ya sa na miƙe tsaye, aka tafa. Madam Rakiya kaɗai ba ta tafa ba. Da aka fita shan shayi ta tare ni ta ce in siron ne ya yi wannan aiki, me ya sa ban taɓa neman ƙarin kwalabe ba? Na ce na farkon ma ba su ƙare ba. Ta dube ni, na dube ta, babu wanda ya ƙarasa shayinsa.

Ban yi kwana biyu da komawa ba amsar ta zo da kanta a kan amalanken jaki. Rana tsaka ce, ranar kasuwa. Inna Habsu ce rungume da ƙaramin jikanta, Sa'idu, wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Jikinsa kamar garwashi, leɓɓansa sun yi duhu, kowane numfashi sai fatar ƙasan haƙarƙarinsa ta shige ciki. Ko kuka ba ya iya yi. Na ɗora abin sauraro a ƙirjinsa, na ji abin da nake tsoro. Na yi masa allurar farko nan take, na buga waya babbar likita a turo ambilas, domin irin wannan sai da iskar taimakon numfashi, mu kuwa ba mu da ita.

Muna jiran mota na tambaye ta tun yaushe. Ta ce an kwana da yawa. Tana dafa masa safe da yamma, da ta ga bai sauka ba ta ƙara ganye. Na ce, Inna, me ya hana ki kawo shi?

"Majo, kai kac ce sabara magani ce, gaban maigari. Ga ta bayan ɗakina. In hau dutsi da goyo in zo in amshi abin da ni baro gida?"

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Hannunta a kan ƙafar yaron, idonta a hanya. Ni kuwa na shiga shafa masa ruwa.

Sa'idu ya yi kwanaki a babbar likita, Allah ya tashi kafaɗunsa. Ni kuwa washegarin ranar da aka tafi da shi na rufe ƙofa da wuri, na hau moto, wato babur, na bi tungaye. Kusan kowane gida da tukunyar sabara a kan murhu. Aka riƙa tarbata da fara'ar da ban taɓa samu ba a shekarun wa'azina, ana nuna mini tukwanen, wai ga maganin Majo. Yawancin yaran mura ce, kuma suna samun sauƙi. Na sami wasu da ƙirjinsu ya kamu, na fara musu magani a nan. A wata tunga kuma na tarar da zaman makoki, an binne wata yarinya ƴar goye. Suka ce tari ne da zafin jiki. Ban san abin da ya kashe ta ba, kuma babu wanda zai sani, domin babu wanda ya saurari ƙirjinta.

Na kira Kordinata na gaya masa duka. Ya yi ta'aziyya, na kuma yarda har zuciyarsa ya yi ta. Sannan ya ce zanen ya riga ya tafi wurin masu ba da tallafi, amma in rubuta bayanina a gurbin ƙarin bayani na rahoto mai zuwa. Ya tuna mini cewa gargaɗin yana jikin kowace kwalba. Gaskiyarsa, yana nan, da Faransanci, da ƙananan baƙaƙe, a jikin kwalaben da ke kantata ba a buɗe ba.

Madam Rakiya ba ta jira izinin kowa ba. Ta shigo motar kasuwa ta zo, muka sake tara jama'a, wannan karon da hantsi, nesa da lokacin salla. Ba mu ɗaga reshe ba, ba mu ɗaga kwalba ba. Ta karɓi wani yaro mai lafiya daga hannun uwarsa, ta ɗage rigarsa, ta ce kowa ya kalli yadda cikinsa ke tashi yana sauka. Sannan ta ce Inna Habsu ta faɗi yadda na Sa'idu yake yi ranar da ta ɗauko shi. Tsohuwar ta miƙe, ta dafa haƙarƙarinta, ta ja numfashi ta nuna. Babu wanda ya yi dariya. Maigari ya ce shi dai yana roƙon ma'aikata, in sun gama shawara a kan sabara su sanar da shi matsaya ta ƙarshe, don ya san abin da zai riƙa faɗa wa mutane.

Watan da ya biyo baya benci ya cika, layina ya haura sama ya wuce na kowa. A taro na gaba ba a ambaci sunana ba. An ce dai akwai wata likita da ta ja baya, ana bincike.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, maganin Madam Rakiya ba shi da laifi, tukunyar Inna ma ba ƙarya ba ce ga tarin mura. Amma kafin a miƙa wa uwa kwalba, sai wani ya ɗage rigar ɗanta ya saurara, kuma wannan ba ya cikin ganyen, ba a tatso shi, ba a dafa shi. Mutanenmu kuwa suna jin magana sarai, har sun fi mu. Rabin maganar da ya rage musu hawan dutse shi suke ɗauka su tafi da shi, kamar yadda mu ma muke ɗaukar rabin da ya gyara mana zane. Saboda haka in za ku faɗi magana mai rabi biyu, ku fara da rabin da ke ceton rai.

Har na bar ƙauyen Inna Habsu ba ta fasa kawo jikokinta ba. Takan zauna ta zuba mini ido har in cire abin sauraro daga kunne. In na ce ƙirji ne, ta karɓi magani ta tambayi yadda ake ba shi har sai ta riƙe. In na ce mura ce kawai na miƙa hannu wajen kanta, sai ta saɓa goyonta ta ce, "Bar kwalbarka, Majo, ka ba wanda ba shi da tukunya."