Damƙin Shinkafar Pi Darhmingi

Kowace mace a jiharmu ta Mizoram, can ƙasar Indiya, ta san ƙa'idar nan: kafin ki zuba shinkafa a tukunya, ki ɗebi damƙi ɗaya ki ajiye wa Ubangiji. Ranar Lahadi a bi gida-gida a tara, ikilisiya ta sayar ta yi hidima da shi. Dukanmu muna yi. Sai dai mu da yatsu uku muke yi, idan mun tuna. Pi Darhmingi kuwa, maƙwabciyata (Pi muke ce wa babbar mace, Pu kuma babban namiji), Allah ya ba ta tafin hannu irin na masu faskare, kuma ba ta taɓa yi masa rowarsa ba.

Tun tana amarya ta yi alkawari ba za ta ɗora tukunya ba sai ta cire na Allah, kuma har ta yi furfura ba ta tsallake ko sau ɗaya ba. Da a kanta abin ya tsaya, da mun huta. Ina! Ni ce mai tarawa a unguwarmu, na sha gani. Za ta leƙa kwandona, ta dubi abin da gidan wance suka zuba, ta ce, "Oho, ashe azumi suka yi makon nan." Mata suka riƙa ɓoye hannuwansu cikin zane idan ta zo wucewa. Gaskiya haushinta nake ji, kuma ba ni kaɗai ba.

Mijinta, Pu Kapzauva, siririn mutum ne mai haƙuri, wanda ya daɗe da sanin matsayinsa a gidan. Yakan ce mana, "Shekara da shekaru Ubangiji na cin abinci a gidana, shi ake fara zuba wa, bai taɓa wanke ko cokali ba." Ita ko kallo bai ishe ta ba.

Sai shekarar da gora ta yi fure. Ɓeraye suka ƙoshi da 'ya'yan gorar, suka hayayyafa, suka gangaro gonaki suka share mana shinkafa tas. Muka koma haƙar doyar daji. Upa Chalthanga, dattijon ikilisiyarmu, ya hau bagade ya yi wa'azi mai zafi a kan ba da kai gaba ɗaya, har da hawaye. Ranar nan da yamma na gan shi yana ƙara kwaɗo na biyu a ƙofar rumbunsa. Daga gidansa kuwa, abin da matarsa ta zuba min ko kaza ba za ta tsaya ta tsattsaga ba.

Gida bayan gida aka daina bayarwa, ba wanda ya ga laifin kowa. Ban da Pi Darhmingi. Tukunyarta na raguwa, damƙin bai ragu ba. Pu Kapzauva ya kamu da zazzaɓi ya kwanta, cikinsa ya ƙi doyar daji, ba abin da yake roƙo sai kunun shinkafa.

Ran wata Lahadi na shiga da kwandona. Ta jawo tulun shinkafar, ta karkata shi, ta kakkaɓe. Abin da ya fito damƙi ɗaya ne cif. Tsohon ya ɗago kai daga shimfiɗa yana kallon hannun nan.

Na ce, "Pi, don girman Allah ki dama wa Pu. Ba wanda ya ba da komai yau."

Ta ce, "Ba da su na yi alkawari ba."

Pu ya ce, "Uwar yara, shi fa wanda kike ba wa ba ya jin yunwa."

Ta ce, "Na fari nasa ne. Ba laifina ba ne da babu na biyu." Idonta ya cika da ƙwalla, amma ta juye shi a kwandona.

Na fita raina a ɓace. Ban nufi majami'a ba. Gidana na shiga, na hura wuta, na dama kunu, na dawo da shi a kwano na ɗora a hannun tsohon. Na tsaya ina huci, na shirya mata baƙar magana mai tsawo.

Ta dubi kwanon, ta dube ni. Na ce, "Eh, shinkafarki ce. Ki kai ƙarata wurin Upa."

Ta ce, "Ƙara ta me, Zuali? Na ba Allah abinsa. Wanda ya ga dama ya ba wa, ba ruwana." Ta zauna gefen shimfiɗar, ta tallafi kan mijinta, tana hura masa kunun a cokali. Na ji ni ma ƙwalla na neman zubo min.

Ya sha cokali biyu, sai ta tsaya cak, ta juyo.

"Zuali, a tukunyarki kika dafa?"

Na ce eh.

"Kin cire na Allah kafin ki zuba?"

Pu Kapzauva, mutumin da ya yi mako bai iya ɗaga hannu ba, ya fizge kwanon ya kafa kai.