Tsawar Malam Namadi

Ta bayan bango Malama Bashira ta ji shugaban makarantarsu, Malam Namadi, yana yi wa wani malami tsawa: "Zayyanu, ka bar aji ka tafi girbi garin Sanyinna? Ka ci amanar yara!"

Ita ce ta rantse sai ta kai ƙara an kori Zayyanu. Jin yadda dattijon ke ɗaga murya, sai zuciyarta ta yi sanyi, ta fasa.

Namadi a ruga ya tashi, wajen Kebbe. Da ya fito daga ofis ya ga fuskarta, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Malama, in shanunmu sun shiga gonar wani, da ƙarfi babana shika yi man faɗa, don mai gona ya ji ya huce. Haka nika yi har yau."