Yadda Muka Kai wa Kawu Fuskar Inna

Kano zuwa Ƙaraye

Ana idar da sallar asuba muka bar gida, ni da maigidana Baban Amira da yaranmu biyu, Amira da Sadiƙ. Hanyar Gwarzo muka bi. Abin da ya ɗaga mu shi ne saƙon Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata da ke Jajaye a ƙasar Rogo. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai ƙara hawa mota ba, ita kuma Inna tana Kwanyawa, ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Sun daɗe rabonsu da juna. Ya ce da ni a waya, "Murya dai ina ji. Ki kawo mini fuskarta in gani."

Baban Amira yana da wata ƙatuwar kyamara mai jaka guda, wadda in ya rataya ta sai ka ce zai je ɗaukar biki. Na ce ya bar ta a gida. Tawa na ɗauka, 'yar ƙarama irin wadda ba ta da madubi a ciki, shi ya sa ba ta da nauyi. Ta shige jakata tare da carbi da man shafawa.

Kafin mu karya kwanar Ƙaraye 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗaya ya leƙo ya ga kyamarar a cinyata, don na fito da ita daga jaka.

"Hajiya, 'yar jarida ce?"

"A'a, ranka ya daɗe, ziyarar tsohuwa za mu."

"To a gaishe ta," in ji shi, ya ɗaga mana hannu.

Kwanyawa

A cikin Ƙaraye muka karya da ƙosai da koko, na saya wa Inna soyayyen kifin dam, muka ɗauki hanyar Kwanyawa. Lokacin kaka ne, dawa ta sunkuyar da kai hagu da dama. Da hantsi muka isa. Baban Amira ya tsuguna daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta ja mayafi ta amsa a kunyace, ya koma zaure.

Da na faɗa mata abin da ya kawo mu, sai ta sa aka ɗauko mata atamfar sallah, ta zauna a kujera ta haɗe rai kamar mai jiran hukuncin alƙali. Na ɗauke ta hoto na nuna mata.

"Wannan ai gawa ce," ta ce. "Kada ki kai wa Sale, hankalinsa zai tashi."

Na ce to, na ƙyale ta. Bayan azahar ta manta da zancen, ta miƙe ƙafa a ɗaki tana ɓare gyaɗa, Amira na gefenta tana tambayarta ko da gaske ne Kawu ya taɓa faɗawa rijiya. Inna ta shiga ba da labari, dariya ta ƙwace mata har wushiryarta ta bayyana. Ɗakin da duhu-duhu, hasken ƙofa kaɗai ke shigowa. Na gwada da waya, hoton ya fito dishi-dishi. Sai na ɗora kyamarar a gwiwata, na ɗaga ɗan gilashin da ke nuna hoto ina kallo daga sama kamar mai duba saƙo. Ba ƙara, ba walƙiya. Inna ba ta san na ɗauka ba sai da na matsa kusa da ita na nuna mata.

Ta daɗe tana kallo. "Wannan kam ni ce. Kai masa."

A nan muka kwana, bayan tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya.

Jajaye

Washegari da safe muka nufi Rogo. Hanyar akwai ramuka, Baban Amira yana ta kauce-kauce, Sadiƙ ya hango rake a bakin titi ya ce ba inda za shi sai an saya. Aka saya. Na samu hotonsa ta tagar mota, kumatu cike, ruwan rake na bin haɓa. Baban Amira ya ce da kyamararsa ce, kafin ya zuge jaka yaron ya tofar da ɓawon.

Mun tarar da Kawu a kan tabarma a inuwar darbejiya, matarsa Gwaggo Asabe tana yi masa fifita. Muka gaisa, muka tambayi jiki. Bai bari na gama ba ya ce, "Ina saƙona?"

Na sa masa kyamarar a hannunsa mai lafiya. Ta zauna daidai tafinsa, bai nemi a riƙe masa ba. Ya kai ta kusa da ido. Gwaggo ta daina fifita.

"Me ya ba Yaya dariya haka?"

Amira ta ce, "Labarin rijiya, Kawu."

"Har yanzu tana yawo da wannan zance? Ita fa ta tura ni." Ya yi dariya da rabin bakinsa, hawaye na gangarowa ta ɗaya gefen. Da na karɓi kyamarar yana cikin wannan hali, na ɗauke shi.

Rogo zuwa gida

A cikin garin Rogo muka samu shagon mai wanke hoto kusa da kasuwa. Na tura hotunan daga kyamarar zuwa wayata, shi kuma ya wanke mana biyu manya. Baban Amira bai ce ya gaji ba, ya juya mota muka koma Jajaye muka ba Kawu na Inna. Gwaggo ta jingine masa shi a jikin bango inda zai riƙa gani daga kwance.

La'asar sakaliya muka sake tsayawa a Kwanyawa. Na miƙa wa Inna hoton ƙanenta. Ta goge hannu da zani kafin ta karɓa, ta shafa furfurar gemunsa da yatsa.

"Ikon Allah. Yaron da na goya shi ne ya riga ni tsufa." Ta ɗago ta dube ni. "Yana cin abinci kuwa?"

"Yana ci, Inna. A gabana ya shanye kwanon fura."

"To alhamdulillahi. Kira mini shi."

Na kira, na sa mata wayar a kunne. Muka fito muka bar ta da hoto a cinya, tana yi masa faɗa a kan ya bar gemu ba gyara.

Ana kiran isha'i muka shiga Kano, yara sun yi barci a baya. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Baban Amira da ya bi hanyar Jajaye sau biyu a yini ɗaya bai yi tsaki ba. Allah ya ƙara wa Inna da Kawu sauƙi.