Ƙadangaren Sani da Buhun Iri

Daminar bana ta cika shekara arba'in da rasuwar ƙanena Sani, Allah ya jiƙansa. Duk sanda na tuna ranar da abin ya faru, ba fuskarsa ce ke fara zo mini ba. Ƙarar wata tasa ce. Na wanke ta da ɗan ruwan da ya rage a randa, na kife a tsakar gidanmu na Birni, sai na ji ƙwal a bayanta. Na ɗauka yara ne suka jefo tsakuwa. Sai ƙwal kuma. Kafin in ɗaga kai, Inna ta fito daga ɗaki ba ɗankwali tana salati.

Waɗanda aka haifa daga baya ba za su gane abin da ɗigo ɗaya yake nufi a shekarun fari ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, hadari ya haɗu ya watse kamar taron da ba a ba shi abinci ba. Gonarmu ta Hamdara ta koma fili. Rumbu ya ƙare, aka ci na sadaka, daga baya aka sauko da damin da ake ratayewa don iri, shi ma aka daka. Wanda ya ci irinsa ya san abin da ya ci.

Sani makaniki ne. Lekol, wato makarantar boko, ba ta karɓe shi ba yadda ta karɓe ni, amma hannunsa ya san ƙarfe. Da rijiyoyin lambu suka ƙafe, injinan ban-ruwa suka zama kayan jibga, masu su na neman kai da su. Shi da abokansa na garaji suka riƙa karɓowa suna ɗora su a kan ƙarafan tsohon gado, su sa tayoyi huɗu na ƙaramin babur mobilet da kujera ɗaya, mutum ya zauna gindinsa na kusan shafar ƙasa. Mutanen gari suka sa wa abin suna ƙadangare. Ran Juma'a bayan la'asar sukan fita filin yashi na bayan ganuwa su yi tsere, da isansi, wato fetur, wanda bai cika kwalba ba. Dattawa na cewa shashanci ne, amma nakan hango wasunsu a bakin filin da carbi a hannu. Mutanen da ke jin yunwa ma suna son abin kallo.

Yashi ya koya musu tuƙi irin nasa. Suna rage iskar taya. In sun zo lanƙwasa ba sa taɓa birki, sai su wurga bayan motar gefe, yashin ya tare ta ya miƙar da ita. Sani ya fi kowa iya wannan. Ya taɓa yi mini bayani da murfin kwano a kan tabarma, na ce masa ni dai ya dawo mini da murfina.

Sai wani attajiri ɗan garin Dogo ya gayyace su su je garinsu su yi tsere ran kasuwa, a hanyar da ta zagaye tafki, ya sa buhun irin gero ga wanda ya zo na ɗaya. An sa rana tun sama na fari fat. Ranar ce ruwan ya sauka, tun hantsi, kamar da bakin ƙwarya.

Da ya tsagaita, na tarar da Sani a zaure yana ɗaure ƙadangarensa da igiya, za a ɗora a kamiyo, motar ɗaukar kaya. Na ce, "Sani, hanya fa ta jiƙe, kuma ba ka san ta ba."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya. Shekara nawa muna fita roƙon ruwa? Yau ya zo, sai mu ce ya tare mana hanya? Ki bari Inna ta ji ki."

"Ban ce ya tare ba."

"To gobe kowa zai fita shuka. Mu me za mu zuba a ramin, tsakuwa?"

Na juya na koma ciki. A shekarar nan babu bakin da zai iya cewa a ɗaga wani abu saboda ruwa. Da mai gayya, da masu tsere, da 'yan kallo, kowa ya ga taɓo, kowa ya ce alhamdu lillahi. Ruwa baƙo ne da aka daɗe ana jira, ba a ce wa irin wannan baƙo ya zo a mugun lokaci.

Ban je Dogo ba. Abin da na sani Lawali ne ya faɗa mini, abokinsa da suka tashi tare. Ya ce Sani ne a gaba tun daga tashi, taɓo na fantsama, mutane na ihu a jiƙe. A gefen tafki jar ƙasa ta ƙare, baƙar laka ta fara, kuma a nan hanya ta lanƙwasa. Baƙo ko da ido makaho ne. Sani ya yi abin da ya yi sau ɗari a bayan ganuwa, ya wurga bayan motar yana jiran ƙasa ta tare shi. Laka ba ta tare kowa. Ƙadangaren ya tafi a karkace har gindin wani gawo. Hausawa na cewa sabo turken wawa. Ƙanena ba wawa ba ne, amma turken ya riƙe shi. Bai taɓa tuƙi a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba, domin tun da ya ƙera motar ƙasa ba ta jiƙe ba.

An kawo shi likita, wato asibiti, a kamiyon da ya kai shi. Washegari ya cika.

Lawali, da ya ga abin da ya faru a gabansa, ya sassauta ya wuce lanƙwasar a hankali, shi ya isa farko. Ran sadakar uku ya shigo da buhun a ka, ya ajiye a ƙofar ɗakin Inna, ya durƙusa. Su ma gidansu ba iri. Inna ta sa aka raba biyu, ta ce ya ɗauki rabi. Sannan ta dubi mijina ta ce, "Danshi ba ya jiran makoki. Ku tafi Hamdara." Muka tafi da jajayen idanu, muna zuba iri muna rufewa da diddige.

Wani lokaci nakan ce, da Sani zai leƙo yau me zai ce? Samari na gudu da babura ran ɗaurin aure ba don buhun komai ba. Waya na gaya wa mutum za a yi ruwa jibi. Wani ɗana ya nuna mini tseren ƙananan motoci na ƙasashen waje, irin nasu Sani sak sai dai kyau, da ruwa ya sauko duk suka tsaya suka canja taya. Na san ba zai yi baƙin ciki ba. Zai karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido, ya ce a mayar masa baya ya ga zanen tayar.

Ƙadangaren nasa ya daɗe a zaure har tsatsa ta cinye shi, masu sayen ƙarfe suka kwashe. Hotonsa ɗaya ne, shi ma ya dushe. Lawali ya rasu, Inna ta rasu. Abin da ya rage shi ne geron. Duk kaka ana zaɓar manyan zangarniya a rataye, a gidanmu da gidan su Lawali, kuma ko a shekarar da ta yi tsanani ba a ƙara sauko da damin nan an daka ba. Yaran gidan suna ce masa irin Kawu Sani. Yawancinsu ba su san dalili ba.

Bana ma ruwan farko ya same ni a tsakar gida, tasa a kife. Na ji ƙwal, na tsaya da tsintsiya a hannu, ban san na daɗe a tsaye ba. Jikata Nana, wadda ba ta daɗe da shiga lekol ba, ta ja mini zane ta ce, "Kaka, me kike jira? Ruwa ne fa. A sauko da irin Kawu Sani, gobe shuka."